Keken Bakin Taga

Ɗiyata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki? Kwamfutar nan da kika haɗa mana, mai fitar da ƙuri'ar wadda za ta zauna a keken ɗinkin bakin taga, ta jawo mini magana. Yau kwana tara, kullum muka kunna ta da safe sunan surukata take fitarwa. Teloli shida, taga ɗaya, ga zafi! Doguwa, wadda ta shekara goma sha huɗu tana yi mini yanka, ta ce baki muka haɗa da ke, ƙarshen wata za ta ɗauki almakashinta ta ƙara gaba. Raina ya ɓaci ƙwarai. In ta tafi, shagon nan ya durƙushe.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ki yafe ni, sai da na yi dariya. Kwamfuta ba ta iya canka da kanta ba. Akwai wata lamba da muke ce wa iri, da ita take cakuɗa sunaye. In za a kashe ta, sai ta ajiye sabon iri na gobe. Laifina shi ne na bar manhajar ƙuri'a tana riga manhajar da ke ɗauko irin tashi, sai ta fara da abin da ta tarar, shi kuwa kullum ɗaya ne. Ga sabon kati mai ɗauke da gyaran na ba direban mota ya kawo miki, a sa wa kwamfutar. Yanzu dole ƙuri'a ta jira iri.

Amma Goggo, na san ki da fizge filogi. In kin yi haka ba ta samun ajiye komai. Maɓalli za ki danna, ki jira fitilar ta mutu.

Ki karanta wa Doguwa wannan, ki gaishe mini da ita.
Ɗiyarki

Ɗiyata,

Filogi dai tun ba a haife ki ba nake fizge shi, amma na daina. Ranar farko mai ɗinkin maɓalli ta ci, ta biyu mai aikin ado. Yau sai ga sunan Doguwa, shago ya ɗauki guɗa. Ta zauna, ko rabin hannun riga ba ta ɗinka ba ta miƙe, wai rana na kashe mata ido, surukata ta dawo wurinta.

Na ce, “To rigimar me kika yi ta yi?”

Ta ce, “Yaya, so nake in ji an kira sunana.”

Almakashin yana nan a ƙusarsa.

Ki huta lafiya.
Goggonki