Shuɗiyar Jarka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da yara. Labarina ba daɗi. Ranar Talata ƙaninki ya fita da kwalekwalensa zai ɗauko 'yan kasuwa a tsallaken tafki, iska ta taso, har yau bai dawo ba. Masunta sun samo kwalekwalen a kife cikin ciyayi, shi babu.

Gari ya yi tsit. 'Yan makarantar da yake tsallakarwa kullum sai su zo bakin ruwa su tsaya da jakunkunansu. Masu fito duk sun ajiye aiki suna nema. Mata na shigo mini da ta'aziyya a baki, ni kuwa na ƙi shimfiɗa tabarma.

Ki sa mu a addu'a.
Matar ƙaninki

Amaryarmu,

Wa'alaikumus salam. Na karanta takardarki. Ni na goyi yaron nan, kin san ba wanda ya fi ni son ya dawo. Amma ruwa ba wasa ba ne. Ki daure ki karɓi gaisuwar mutane, kada taurin kan nan naki ya sa a ce kin zautu. Ina nan tafe da zarar na samu mota.

Allah ya ba mu haƙuri.
Yayarki

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ban zautu ba, ki saurare ni. Kin san halinsa na ɗaure jarkoki marasa komai a jikin kwalekwale, wai in ya kife kowa ya rungumi ɗaya. Har Mai Jarka ake ce masa don tsiya. Nawa na ɗebo ruwa ma bai bari ba. Safiyar da zai fita ya sace mini shuɗiyar, na bi shi har ƙofa ina masifa, yana dariya.

Jiya na je na duba kwalekwalen da idona. Sauran jarkokin suna nan, shuɗiyar ce babu. Igiyarta ba tsinkewa ta yi ba, Yaya, kwance ta aka yi. Ruwa kuwa ba ya kwance ƙulli. Na nuna wa masu fito, yau sun nufi ƙauyukan can ƙarshen tafki inda iska ta bi. Kowannensu da jarkoki a ɗaure, har masu yi masa dariyar.

Tsoro nake ji, wallahi. Amma ba zan shimfiɗa tabarmar ba.
Matar ƙaninki

Yaya,

Salamu alaikum. Jarkata ta dawo, da ɓarawonta. Wasu masunta ne a can ƙarshen tafki suka tsince shi a rungume da ita, suka yi ta jinyarsa bai san inda kansa yake ba, har masu fito suka gano shi. Ya rame, yana gaishe ki. Ki taho, amma ki bar kukan a gida.

Faɗan jarka kuwa na ajiye masa sai ya ƙara ƙarfi.
Matar ƙaninki