Hannuwan Dada

Asabar, 7 ga Maris, 1964
Mun sake yin gardamar nan da Gidiyon mai hoto a shagonsa na Dutsin-Ma. Ni na ce motsi a haɗe yake kamar ruwan kogi, shi ya ce tsalle-tsalle yake yi, ido ne bai gani. Ya nuna mini wata fitila da ya harhaɗa da batirin mota, tana walƙiya sau da yawa kafin ka ƙifta ido. A bar kyamara a buɗe cikin duhu, kowace walƙiya ta kama abu inda ta same shi. Da 'yan ajina sun ga wannan!

Laraba, 11 ga Maris
Dada ta faɗo mini a rai, goggona da ta raine ni. Duk Kurfi babu mai dakan fura irinta: ta cilla taɓarya sama, ta tafa, ta cafe.

Asabar, 14 ga Maris
Mun je Kurfi da fitilar, mu ɗauki hotonta tana daka. Da ƙyar ta yarda, don ni kawai. Gidiyon ya dafa ƙirji ya ce, "Mama, daga ni sai Malam Mahmuda za mu gani." Muka toshe ƙofar zaure da tabarmi. Tana daka tana dariya, wai mun kawo mata damina cikin ɗaki.

Talata, 17 ga Maris
Hoton ya fito. Taɓarya jere a sama kamar tsani, Dada da hannu takwas. Tsakanin hannu da hannu baƙi ƙirin. Gidiyon ya ce ga tsallen nan. Na ce fitilarsa ce ke tsalle, ba goggona ba. Mun rabu kowa na ganin shi ya ci.

Juma'a, 27 ga Maris
Ya ƙara wa hoton girma ya kafa a ƙofar shago, wai don a san gwaninsa. Ni ban ma sani ba, sai da Ilu direba ya tare ni bayan masallaci. Fasinjojinsa na Kurfi sun gani, sun gane ta.

Lahadi, 29 ga Maris
Mayya. Abin da ake ce mata ke nan. Wai na'urar Bature ta tona hannuwan da take kama kurwar yara da su. Furarta ta tsame a ƙwarya, ba wanda ya taya. Sauda maƙwabciya ta hana jikokinta shiga gidan. Na tsaya bakin kasuwar Kurfi ina bayanin walƙiya kamar a aji, wani tsoho ya ce, "Malam, hoto dai bai ƙarya."
Dada ba ta yi mini faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Mi na yi maku, Mahmuda?"

Litinin, 30 ga Maris
Na ciro hoton da hannuna. Har Gidiyon yana ce mini ilimi ba a ɓoye shi. Mutumin da ya ci tuwonta, ya ce mata Mama! Ban taɓa jin haushin wani kamar yau ba. Na gama da shi.

Litinin, 6 ga Afrilu
Ya aiko cewa ya ƙara wa fitilar sauri, in zo mu gama gardama. Sai dai ya gama ta shi kaɗai.

Asabar, 2 ga Mayu
Kurfi. Liman ya sa baki, 'yan kaɗan sun dawo sayen fura. Na zauna ina kallonta tana daka. Sama, ƙasa, sama, ƙasa, hannu manne da taɓarya. Na ce ina tafin? Ta ce ta tsufa. Ko wata biyu ba a yi ba fa da na ga tana yi.
Na zo da hoton da ashana a aljihu don in ƙone shi a gabanta. Na koma da shi. Takardar ce mai kauri, ba lalle ta ci wuta ba. Kuma dai yanzu cikin hoton nan kaɗai take cilla taɓaryar.