Na sayar da motar Baba, na ce wa mai saye ya rasu

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, domin duk ɗan Yauri da ya ga sunan zai gane gidanmu. Don Allah ku ba ni shawara, zagi kam na riga na yi wa kaina wanda ya isa.

Ni dillalin motoci ne, shekarata goma sha biyar a harkar, ina zaune Kaduna amma asalina Yelwan Yauri. Da ƙananan motoci na fara, ka samu dubu ɗari biyu ko uku a kan kowace, ba yawa amma ba ta kwana a hannunka. Sai ido ya buɗe na koma manyan motoci na masu hannu da shuni, irin waɗanda in ka taka su kamar za su tashi sama. Wanda bai sani ba gani yake mu muke kwasar kuɗin ƙasar nan, gaskiya ne mota ɗaya tana iya ba ka ribar shekara, amma tana iya zama wata takwas a gareji tana cin jarinka, dala ta motsa, masu tayawa su zo su ɗauki hoto su tafi. Bana guda biyu suka maƙale mini, kuma rabin kuɗin da ke cikinsu ba nawa ba ne.

To a gidanmu akwai wata tsohuwar mota mai ƙofa biyu, marar rufi, muna ce mata 'Yar Jamus. Mahaifina ɗan tsibiri ne, da kwalekwale ya tashi. Lokacin aikin madatsar Kainji, bayan samun 'yanci da 'yan shekaru, shi yake tuƙa wani Bature injiniya a ruwa yana awo, har Baturen ya koya masa tuƙin mota. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya sallama masa motarsa da araha, Baba ya sayar da jiragensa biyu da komarsa ya cika kuɗin, dangi suka ce ya haukace. Ranar da aka tashi ƙauyensu saboda ruwa zai cinye shi, Innarsa ta rantse ba za ta hau babbar mota tare da awaki ba, a cikin motar nan ya ɗauko ta daga bakin gaɓa zuwa sabon matsuguni, tana rungume da tukunyarta tana kuka. Mun ji labarin nan ya fi sau dubu. Motar ta fi shekara talatin ba ta tashi ba, amma har yanzu da idonsa ya yi rauni, kowace Juma'a sai ya lallaba rumfar da take ajiye ya shafe ta da tsumma.

Da sallar da ta wuce na ɗauki hotonta na ɗora a waya don nishaɗi kawai. Kwana biyu sai ga kiran wani Alhaji daga Abuja, mai tara tsofaffin motoci, ya ce irinta ba ta da yawa yanzu ko a can inda aka ƙera ta. Ya taya miliyan sittin. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna. Motar da ban sa ko kwabo a kanta ba, riba tsantsa, abin da ban taɓa samu ba a shekara goma sha biyar.

A nan na tafka kuskuren da sai dillali zai yi shi. Mu a sana'armu ba ka taɓa haɗa mai kaya da mai saye, in sun ga juna kai ka zama ɗan kallo. Da Alhajin ya ce yana son ya gaisa da mai motar, bakina ya riga tunanina, na ce ai mai ita mahaifina ne kuma ya rasu, gado ce ta faɗo a kaina. Ya yi mini ta'aziyya, ni kuma na amsa da amin. Ya turo miliyan ashirin kafin alƙalami, a satin na biya kuɗin fiton motocin nan biyu da na abokin jarina, ko sisi bai saura ba.

Shi kuma Baba na ce masa Kaduna zan kai ta wajen bakanike a tayar da ita. Ban taɓa ganin ya yi murna irin ta ranar ba, da kansa ya tsaya a ƙofar gida da sandarsa ana ɗora ta a babbar mota, yana ce wa masu ɗaurewa su yi a hankali. Yanzu wata biyu ke nan tana gidan Alhaji.

Yayata ce kaɗai ta gano, don mijinta ya ga hoton motar a shafin Alhajin. Mun yi ba daɗi a waya, ta ce na binne uba da ransa saboda ƙarfe, na ce kuɗin maganin Baba da na makarantar 'ya'yanta ai daga ƙarfen suke fitowa, ta kashe waya. Ban kyauta ba, na sani. Ta ba ni zuwa ƙarshen wata, ko in faɗa masa ko ita ta faɗa.

Na tuntuɓi Alhaji ko zai fasa, ya yi dariya ya ce ciniki ya faɗa, tunda na ce na sallama shi kuma ya ce ya saya, har ya yi odar kayan gyara daga waje. Kuma ko ya yarda ba ni da ashirin ɗin da zan mayar. Abin da ya rage masa takardun asali, ba zai cika arba'in ɗin ba sai da su, suna cikin akwatin ƙarfen Baba. Alhajin mutumin kirki ne, shi ya sa abin ya ƙara ɓaci, ya ce shi ba zai karɓi takardun mamaci ta tasha ba, Juma'ar nan zai zo Yelwa da kansa, ya ga rumfar da motar ta zauna, ya yi wa iyali gaisuwa.

Shekaranjiya na je gida da niyyar in saci takardun, ba zan ɓoye muku ba. Na tarar da Baba a rumfar da babu komai, zaune a kan tabarma. Ya ce, “Yaushe za a maido min 'yar Jamus? Ruwa ya hwara ja baya, so nika ka kai ni bakin gaɓa cikinta, in gwada maka saitin inda gidanmu yake, kahin idon ga ya ƙare.” Na ce ta kusa, Baba. Sai ya laluba ƙarƙashin tabarmar ya miƙo mini takardun a leda, ya ce kada 'yan sanda su tare ni a hanyar dawowa da ita. Ya ce, “Na san tana da kuɗi, ba yau anka hwara tayawa ba. In na cika ka sai da ta, taka ta, na shaida ma limamin unguwa. Tahiya guda ɗai nika roƙo.”

Jama'a takardun suna aljihuna yanzu, na kasa ci na kasa kiran kowa. In na gaya wa Alhaji gaskiya, zai iya kai ni hukuma, kuma sunana ya mutu a kasuwa. In na tare shi a Kontagora na miƙa masa takardun da wata ƙaryar, na samu arba'in ɗina, amma Baba zai ci gaba da zama a rumfar nan yana jira. Shekararsa ta haura tamanin kuma yana da hawan jini, ina tsoron abin da maganar za ta yi masa.

Don Allah masu iyaye da rai, da waɗanda suka rasa nasu, wa zan fara fuskanta? Kuma da wane baki zan gaya wa mahaifina cewa baƙon da zai yi sallama a ƙofarsa ranar Juma'a, ta'aziyyarsa ya zo yi?