Sunana yana jikin ƙarfen da ke ƙarƙashin motar surukina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka cire sunana da lambata kafin ka ɗora, saboda da yawa cikin masu karantawa a nan sahu ɗaya muke bi a masallaci. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya sha kaina, kuma daga yau zuwa Asabar kawai nake da shi.

Ni mai walda ne a Agege. Daga gida na zo da sana'ata, na yi ta aiki a ƙarƙashin wani oga har Allah Ya sa na tsaya da ƙafata. Ina da wata ɗabi'a da duk abokan aiki suka san ni da ita, ko get na yi ko tagar ƙarfe ko keken ruwa, sai na rubuta laƙabina a jiki da sandar walda kafin na shafa fenti. Ba zan faɗi laƙabin a nan ba, don in na faɗa an gama gane ni. Ana yi min tsiya a kai, wai na ɗauki kaina injiniya, ni kuwa na ce wanda ba ya kunyar aikinsa ai ba zai ɓoye sunansa ba.

A nan na yi aure. Mahaifin matata, Baba Alhaji, tsohon bafataken shanu ne, mutumin kirki wallahi, shi ya ba ni filin da na kafa rumfar aikina bai karɓi komai ba. Matata ce 'yarsa ta fari a mata, saboda haka kun san yadda surukuta take. Tunda na aure ta ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa ɗaga ido na kalle shi ba. In na hango shi na cire takalmi na durƙusa, ya ce "yaya aiki", na ce "Alhamdulillahi Baba", shi ke nan hirarmu ta ƙare. Duk wani saƙo tsakaninmu ta bakin matata yake bi. Babban ɗansa, wanda nake kira Yaya, shi ke riƙe da harkokin gidan yanzu, shi ke tuƙa shi ko'ina.

Suna da wata jif mai fowil, irin mai ja da tayoyi huɗu, da suke shiga daji da ita, can rugage wajen bakin iyaka, su ga shanu su yi ciniki, daga baya babbar mota ta je ta kwaso. Hanyar duk duwatsu ce da kwazazzabai. Bara da damina dutse ya huda musu tankin mai a tsakiyar daji, man ya tsiyaye tas, tsoho ya yini a gindin bishiya ba ruwa ba magani, ga shi da hawan jini. Da suka dawo sai matata ta kawo min saƙo, wai Baba ya ce a roƙe ni na yi wa tankin nan garkuwa. Wallahi daɗi na ji har raina. Mutumin da ya yi min komai, yau ga abin da ni ma zan yi masa da hannuna.

Na ajiye duk wani aiki. Na shiga ƙarƙashin motar da kwali na fitar da siffar tankin, na yanka na gwada, na sake yankawa, sai da ya zauna daidai. Na tafi kasuwar ƙarfe ta Owode da kaina na zaɓo farantin ƙarfe mai kauri, sabo, ban yarda da tsohon da aka kankare wa tsatsa ba. Ba ni da injin lanƙwasa, don haka da giranda na tsaga layi na lanƙwasa gaban ya ɗaga sama, yadda in ya haɗu da dutse zai zame ya wuce maimakon ya daki gefe, sannan na bi tsagar da walda ciki da waje. Na yi masa ƙafafu da za su kama jikin shasi da noti, don ni ba na kai wuta kusa da tanki ko an ce babu ɗigon mai a ciki. Tsakanin farantin da tankin na bar kamar yatsa biyu, na huda ramuka a ƙasa saboda ruwa da taɓo su riƙa fita.

Ina shirin fenti sai ga Yaya. Ya duba ya ce aiki ya yi kyau, amma a sauke farantin ƙasa ya kai faɗin tafin hannu, a rufe gefe da gefe, a toshe ramukan nan, kuma a sa notin da mutum ɗaya zai iya kwancewa ba sai an je gareji ba. Na ce haba Yaya, in aka sauke shi ai shi zai riƙa dukan dutsen da muke gudu, kuma in aka rufe taɓo zai taru ya cinye ƙarfen. Ya ce ai zai ɗaga motar, kuma shi ke bin hanyar ba ni ba, Baba ma haka yake so. Da na ji an ce Baba, ta ina zan je na tambaye shi? Na yi yadda ya ce, raina bai so ba amma na yi, na kuma rubuta laƙabina ɓaro-ɓaro a cikin farantin kamar yadda na saba.

Watanni suka wuce ana tafiya ana dawowa lafiya. Sai shekaranjiya Yaya ya kawo motar, ƙafa ɗaya ta farantin ta tsage, ya ce na gyara kafin Asabar don za su shiga daji da Baba. Ya ce kada na sauke shi, na ɗan taɓa a wurin kawai. Na ce to, amma da ya tafi na sauke abina, na riga na faɗa muku ba na walda kusa da tanki. Jama'a, cikin farantin nan fes yake, babu taɓo ko kaɗan, an shimfiɗa roba an manne ta da gam, ga guntayen salatif ko'ina. A can lungu inda na lanƙwasa ƙarfen, katin ƙwaya guda biyu sun maƙale, irin wadda yaran tasha ke sha su yi ta layi a titi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ashe akwati na ƙera masa da hannuna, da sunana a ciki. Zama na yi a ƙasa da rana tsaka.

Na kira shi ya zo, na ja shi bayan rumfa na nuna masa. Na zaci zai ruɗe ko ya yi rantsuwa, wallahi ko gezau. Dariya ma ya yi, ya ce ashe ba na jin magana, ba ya ce kar na sauke ba? Na ce ya ji tsoron Allah, da mahaifinsa a cikin motar yake wannan abu. Ya ce shi ya san abin da yake yi, wahalar gidan nan duk a kansa take, har maganin tsohon. Na ɗaga murya, na faɗa masa maganganun da ban taɓa zaton zan faɗa wa yayan matata ba. Ya bari na gama, sannan ya nuna rubutun da ƙafarsa ya ce, "To ni dai ban ga sunana a nan ba, malam injiniya." Ya ce in na buɗe baki zai ce tare muka tsara, wa zai yarda mai walda ya ƙera akwati da noti mai saurin kwancewa bai san na mene ne ba? Ya ƙara da cewa na tuna filin wa nake kai, kuma ƙanwar wa ke ɗakina.

Bayan ya tafi ne wani abu ya faɗo min wanda ya fi komai ƙona min rai. Baba Alhaji ya fi shekara nawa yana bin hanyar nan, duk wani shingen bincike an san shi. Da sun hango farin gemunsa da carbi a kujerar gaba sai su gaishe shi da Yarabanci su ɗaga hannu a wuce. Da ma na sha mamakin yadda Yaya ke matsa wa tsoho sai ya bi shi, ko ranar da ba ya jin daɗi, wai masu shanu ba sa sakin farashi sai sun gan shi. Yanzu na gane dalili. Kuma motar da sunan Baba aka yi mata takardu.

Na gwada taɓa wa matata zancen daga nesa, na ce ni fa ban gane wa harkokin Yaya ba kwanan nan. Nan take ta haɗe rai, ta ce da ma ta lura ina jin haushinsa tunda ya fara samu, mutumin da ya biya mata makaranta bayan rasuwar mahaifiyarsu. Cikinta ya tsufa, a asibiti sun ce jininta yana hawa a kiyaye ɓata mata rai, sai na ja bakina na ce wasa nake. Jiya bayan la'asar na bi Baba har ƙofar gida da niyyar ko me zai faru sai na faɗa. Na durƙusa, ya ce yaya aiki, na ce Alhamdulillahi Baba. Ya tsaya yana jira don ya ga ban tashi ba. Wallahi tallahi harshena ya ƙi motsi, ta yaya zan fara, maganar farko da zan taɓa yi masa a rayuwa ita ce ɗansa na cikinsa yana safarar ƙwaya da shi? Na ce a huta lafiya, na tashi kamar wawa.

Yanzu duk inda na juya a toshe yake. In na ƙi mayar da farantin, tanki zai shiga daji tsirara kuma Baba zai tambayi dalili. In na yanke gefen na mayar da shi yatsa biyu yadda na yi tun farko, Yaya zai gani tun kafin su tashi, kuma na ga idonsa, zai aikata abin da ya faɗa. In na kai ƙara, ni ne surukin da ya ɗaure ɗan gidan da aka ba shi mata da wurin sana'a, ban san da wane ido zan ƙara shiga unguwar nan ba, kuma ba ni da tabbacin ba za a haɗa da ni da tsohon a tafi ba. Wani makanike maƙwabcina da na amince da shi ya ce na daina wahalar da kaina, na sa giranda na goge sunan, na shafa fenti, na ɗaura musu abinsu na yi shiru, ai ba ni na haifi Yaya ba.

Ba zan ɓoye muku ba, yau da safe har na jona girandar. Ina tsugune a kan farantin sai ga matata ta kawo min abinci da kanta, tana tafiya da ƙyar, tana murmushi. Ta ce Baba ya ce a gaya min Allah Ya yi min albarka, wai tunda na sa ƙarfen nan hankalinsa ya kwanta, da sun hau hanya yake kishingiɗa ya yi ta barcinsa har a isa.

Na kashe girandar, har yanzu sunan yana nan ban taɓa shi ba. In na goge ni na fita, amma ranar Asabar bawan Allahn nan zai hau ya yi barci a kan abin da na ƙera. 'Yan uwa, musamman waɗanda suka san nauyin suruki, ku gaya min gaskiya ko da za ta yi min ɗaci: na goge na yi shiru, ko na cire kunya na je na faɗa masa? In kuwa faɗar ce, da wace kalma zan fara?