Dutsen Burtali

Daga Tamanrasat, zuwa ga yayana Bawa, a Ibohamane.

Bayan gaisuwa da girmamawa, ya Inna da ƙafarta? Ya Zara da yara? Ni lafiya lau nake. Hukuma ta rushe rumfar da muke kwana, amma ba wani abu, muna raɓawa inda muke aikin gini. Kada Inna ta ji wannan.

Yaya, na ji meri, ofishin magajin gari, ta sa ka cikin masu raba rigimar gonaki, Allah ya taya ka riƙo. Na kuma ji Kawu Yakubu ya tumɓuke dutsen iyakar burtali ya shuka gero, har shanun Barmo makiyayi sun rasa hanyar tabki, kuma gabanka maganar za ta zo.

Ranar da aka rushe mana rumfa na tsaya ƙofar biro, ofishin hukuma, don in kai kuka har la'asar, ba wanda ya tambayi sunana. Tun ranar nake tuna Barmo.

Don Allah ka maida dutsen wurinsa. Kawu zai yi fushi, amma fushin gida ne, kafin Salla ya huce. Barmo kuwa ba shi da kowa a meri sai kai.

A aiko mini da yajin Inna. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanenka,
Idris