Garmahon da Wuta Ba Ta Ci Ba

Kanazawa, watan Afrilu

Zuwa ga ƙanena Gensho,

Bayan gaisuwa, ina fata sanyi ya saki gwiwarka, kuma Sachie da yara suna lafiya.

Na ƙaro garmaho ɗaya daga shagon Kuroiwa, mai sayar da tsofaffin kaya. Na san za ka yi wannan tsakin naka na masu ibada, wai mace da furfurarta tana tara kayan wasan yara. Daure ka karanta. Na gwangwani ne, ja, an zana zomaye a jikinsa, irin na kafin yaƙin duniya. Komai nasa lafiya, sai hannun katakon da ake murɗawa ya yi kiɗa, shi ne babu. Kuroiwa ya ce ɓacewa ya yi. Da na tambaye shi daga wane gida ya samo, sai ya shiga ba ni labarin ciwon bayansa.

Ina buɗe murfin a gida, ƙamshin turaren wuta ya taso. Ba kowane turare ba, wanda Baba yake haɗawa, wanda kai kaɗai ka gaji haɗinsa tare da haikalin. A can na girma, kuma hancina bai tsufa ba.

Watan jiya kuka yi bikin ƙona 'yan tsana, ko? Mutane su kawo kayan wasan da ba za su iya jefawa a shara ba, ka yi musu addu'a, wuta ta sallame su. To yi mini bayanin yadda wanda aka sallama ya sauka a kantar Kuroiwa.

Ka huta lafiya.
Yayarka, Fumie


Haikalin gida, watan Afrilu

Yaya Fumie mai daraja,

Gaisuwa da girmamawa. Itatuwan tsakar gida sun yi fure, Sachie tana gaishe ki.

Ba na sayar da abin da aka ba wuta. Amma gwangwani ba ya ƙonewa, ke da kika yi jami'a kin fi ni sani. Tun zamanin Baba, abin ƙarfe akan cire masa ɓangaren katako a sa a wuta a madadinsa, sauran a ba mai jari-bola. Hannun nan ni na ƙone shi da addu'arsa. Inda gangar jikin ta nufa daga baya, ban sani ba.

Na ji kina shirin baje tarinki a zauren gari, har jarida za ta ɗauki hoto. Ina roƙonki kada ki sa wannan. Tsohuwa Tsuruta ce ta kawo shi, na ƙanenta ne da ya rasu yana ƙarami lokacin yaƙi. Ta tsufa da shi a ɗaki kafin ta iya rabuwa da shi. Tana karanta jarida har tallace-tallace.

Ki kula da lafiyarki.
Ƙanenki, Gensho


Kanazawa, watan Mayu

Gensho,

Ina gaisuwa. Na gode da darasin ƙarfe.

Mai jari-bolan naku mutum ne mai tausayi. Ko ƙwarzane babu a jikin zomayen, allurar ma tana nan cikin ɗan ƙunshinta. Ban taɓa sanin ana lallaɓa shara haka ba.

Na tuna al'adar Baba sarai. Amma a gaban mai kaya yake cire katakon, ya yi masa bayani, in mutum bai yarda ba ya koma gida da abinsa. Kai ka gaya wa tsohuwar? Kuma wa kake karewa daga hoton jarida, ita ko sunan haikalinka?

Wannan garmahon shi na so in sa a tsakiyar zauren, don ban taɓa ganin irinsa ba. Kafin in haƙura da shi saboda maganarka kaɗai, zan je in ji daga bakinta.

Sai na ji daga gare ka.
Fumie


Haikalin gida, watan Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Ban gaya mata ba. Ta riƙe hannun rigata ta ce, “Duka zai tafi wurinsa, ko?” Na ce duka. Hayaƙi ya kare komai, ta tafi tana godiya.

Kuroiwa yakan zo ya taya mu kwashe toka, kamar sauran jama'a. Iyakar abin da ke tsakanina da shi ke nan.

Kada ki je, don darajar Baba.

Gensho


Kanazawa, watan Yuni

Ƙanena,

Bayan gaisuwa, na je.

Ta ba ni shayi da alewar wake. Na ce mata ni mai tara garmahon yara ce, ina neman wanda zai gane mini wannan. Na ajiye shi a tabarma. Murfin yana da ɗan maɓalli a ƙasa, wanda ni sai da na yi ta jujjuya shi kafin in gano. Hannunta can ya tafi kai tsaye, ba ta ko duba ba. Ta buɗe, ta daɗe tana kallon ciki, ta mayar ta rufe.

Ta ce, “Ya yi kama da namu. Amma namu an ƙone shi, da idona na ga hayaƙin.”

Ta turo mini shi da yatsu biyu, ta tambaye ni ko a ƙara shayi. A bakin ƙofa ta ce in gaishe ka, ko da yake ban faɗa mata ko ni yayar wa ce ba.

Na cire shi daga bajen. Yana cikin akwati, a nan zai zauna.

Baɗi zan zo bikin. Ka tanadar mini wuri kusa da wuta, kuma ka gaya wa Kuroiwa ya huta, ni zan kwashe tokar.

Ka gaida Sachie.
Yayarka, Fumie