Burodin da Ya Manne a Gwangwani

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya gwiwar nan taki? Kada ki ce mini ta warke, na san ki da ɓoye ciwo.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba, ki yi haƙuri. In na ji muryarki kuka zan yi, ni kuwa ƙato da ni ba zan tsaya a bayan gidan burodi ina jan majina a waya ba. Shi ya sa na ɗauko biro.

An gano abin da ke damuna. Shekara uku ina fama da kumburin ciki da gudawa, na rame har sai da na ƙara wa bel huda biyu. Ashe ba tsutsar ciki ba ce, ba kuma rashin aure ba ne kamar yadda kike tsokanata. Sun ɗebi jini, sannan suka zura mini siririyar kyamara ta baki har hanji. Likitar ta ce sunan ciwon siliyak. Akwai wani abu a cikin alkama da sha'ir da ake kira gulutin, shi ke sa kwaɓi ya yi danƙo. To shi hanjina ba ya so, da ya shiga sai jikina ya hau yaƙi da kansa. Babu allura, babu ƙwaya. Maganin ɗaya ne, in bar alkama har ƙarshen rayuwata, ko ɓurɓushi kada ya shiga bakina.

Da ta tambayi sana'ata na gaya mata a gidan burodin Baba nake aiki, sai ta ajiye biro ta dube ni. Wallahi dariya ce ta kama ni, irin wadda ba ta da daɗi. Ta ce ɗakin kwaɓi ma sai na bar shi, don ƙurar fulawar da nake shaƙa wuni guda ƙarshenta ciki take zuwa.

Kin san al'adar Baba. Komai yana aunawa a sikeli banda gishiri, wannan hannunsa ne ke aunawa, harshena ya tabbatar. Tun ina ɗan shekara tara, kullum da safe kafin a yanka kwaɓi sai ya gutsuro ɗan kaɗan ya miƙo mini, in ɗanɗana in gyaɗa kai. Daga nan na samo sunan Gishiri, har rabin layinmu ba su san sunana na yanka ba.

Na gaya masa labarin yana barbaɗa fulawa a tebur. Bai ko ɗago ba. Ya ce burodin da ya raine mu, wanda mahaifinsa ya ci har ya tsufa, ba yau zai zama guba ba don wata mai farar riga ta faɗa. Washegari ya gutsuro kwaɓin ya miƙo mini kamar kullum. Ban karɓa ba, Yaya. Ya daɗe da hannu a miƙe, sannan ya jefa a bakinsa ya juya mini baya. Tun ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Ki sa ni a addu'a. Ki shafa mini kan yara.

Ƙaninki,
Gishiri

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kuna lafiya, mura kuma ta saki auta. Na ga takardarki, na karanta ta sau uku, har da faɗan da kika yi mini a ƙarshe.

Na tashi daga saman gidan burodin, don ƙurar tana hawa har kan filona. Na kama ɗaki ɗaya a hawa na uku, tagarsa tana kallon bangon wani gida. Kujera ɗaya, faranti ɗaya, cokali ɗaya, tukunya sabuwa da ba ta taɓa ganin alkama ba. Ranar da nake sauko da kaya Baba yana bakin tanderu, ya ce Allah ya kiyaye hanya, kamar wata ƙasa zan tafi. Tafiyar minti ashirin ce fa.

Na samu aiki a gidan wanki da guga. Ni ke kan dutsen guga na tururi, daga safe zuwa la'asar ina miƙar da kwalar rigunan mutanen da ban taɓa gani ba. Aikin ba laifi, hannun da ya saba da zafin tanderu ba ya tsoron tururi.

Abincina kuwa, shinkafa, dankali, ƙwai, wake, kifi, ganye. Sai in juya in fara daga kifi in dawo shinkafa, don a ce an canza. Na zama malamin karanta bayan kwali. Ina tsayawa a kanti ina ƙanƙance ido a kan rubutun nan ƙanana har mai kantin ya fara bina da kallo. Ba ki san inda alkama take ɓoyewa ba sai kin fara gudunta, a wani dunƙulen miya, a wani garin yaji, a abin da aka soya cikin man da aka soya mai fulawa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lokacin cin abinci a wurin aiki. Abokan aikina su shida suna zama a bayan injin wanki su haɗa abin da kowa ya kawo, hannu yana shiga kwanon kowa. Satin farko sun yi ta yi mini tayi, ina ta bayani. Direban da ke kai kaya ya ce ciwon 'yan gayu ne, aka yi dariya, ni ma na yi. Yanzu sun daina tayin, kuma ban san wanda ya fi zafi ba, tayin ko dainawar. Ina zama a kan matakala da kwanona a cinya, in gama cikin minti biyar in rasa abin yi da sauran lokacin.

Amma ki ji abin haushi, maganin yana aiki. Wata biyu ke nan cikina lafiya lau. Na mayar da bel huda ɗaya, ina hawa benen nan ba haki. Da ma bai yi aiki ba, da na koma gida na ce Baba ya yi gaskiya.

Ina bi ta layinmu da safe, amma ta ɗaya gefen titin. Ƙamshin yana tsallakowa ya same ni. Rannan matar mai gyaran takalmi ta tare ni, ta ce burodinmu ya canza, wata rana gishiri ya yi yawa, wata rana lami. Harshen Baba ya tsufa, shi ma ya sani, amma ba zai miƙa wa wani kwaɓin ba. Na so in shiga, na tsaya har motar kaya ta yi mini hon, sai na wuce.

Ina kewarsa, Yaya, mutumin da muke gari ɗaya. Ki gaida maigida.

Naki,
Gishiri

Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ki yafe rubutun, a kwance nake.

Baba ya zo. Ranar Lahadi da hantsi na ji ana buga ƙofa, na buɗe sai ga shi yana haki, ya hawo bene uku da ƙafafun nan nasa. Ya riƙo abu a naɗe cikin farin ƙyalle. Ya ƙi zama, ya dubi ɗakin sama da ƙasa, sannan ya ajiye a tebur ya warware. Burodi ne na garin shinkafa. Ya ce sati biyu yana gwadawa bayan an tashi aiki, sai a karo na tara kwaɓin ya yarda ya tashi. Ya ce babu ko ƙwayar alkama a kwaɓin, da hannunsa ya niƙa shinkafar.

Na ɗaga shi na juya, kamar yadda ya koya mini a duba gindin burodi. Fari fat. Na shafa da yatsa na murza. Garin shinkafa yana da tsaki-tsaki, wannan kuwa sulɓi ne kamar hoda. Fulawa ce, Yaya. Kin san hannunsa na dama, ya shafa mai a gwangwani, ya kai hannu cikin kwanon da ke gefensa ya barbaɗa, ko yana magana ko yana kallon titi. Shekara arba'in da wani abu hannun nan yana yin haka. Bai ma san ya yi ba. Ga shi a gwangwanin gidan ya gasa, a tanderun gidan.

Yana tsaye yana kallon bakina, irin kallon da yake yi mini da safe yana jiran in gyaɗa kai. Na tuna ranar da na bar hannunsa a miƙe. Ba zan iya sau biyu ba. Na yanka na ci, na ƙara, na gyaɗa kai. Da kin ga fuskarsa! Ya ce zai riƙa kawo mini duk Lahadi, ya sauka bene har yana ɗan waƙe-waƙensa.

Yau kwana biyar ina tsakanin gado da banɗaki. Ciki ya kumbura, gaɓoɓi suna ciwo, kai kamar an cika shi da auduga. Likitar ta yi mini tatas, ta ce ba kunya ake ji da hanji ba, duk lokacin da na yi haka ina rushe abin da aka yi watanni ana ginawa. Babu wanda ya buga ƙofar nan sai mai karanta mita.

Jibi Lahadi. Ban san abin da zan yi ba. In na faɗa masa, na kashe masa abu ɗaya da ya samo ya haɗa mu. In na yi shiru, ni zan kashe kaina a hankali. Don Allah, don Annabi, kada ki gaya masa. Ke kaɗai na faɗa wa.

Ƙaninki,
Gishiri

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da bakin nan naki da ba ya riƙe magana. Tun muna yara haka kike, ni ne ban yi hankali ba. Na haɗa ki da Allah da Annabi, takardar na isa kika ɗauki waya kika gaya wa Baba. To na yi fushi, na kuma gama.

Lahadin farko, kafin takardar ta iso ki, na karɓi burodin na ce na ƙoshi sai anjima, na ba maƙwabcina. Ta biyun bai zo ba. Na share ɗaki, na zauna ina sauraren matakala har rana ta faɗi. Na ce shi ke nan, Yaya ta gama da ni.

Jiya ya zo. Da sabuwar riga a jikinsa, har da alamar ninki, ya ce tsofaffin duk fulawa ta shiga zarensu. Ya yanke farce ƙasa-ƙasa, hannayen sun yi ja don gurza. A cikin jaka akwai sabon gwangwani da takardarsa, da garin shinkafa na kanti a rufe, da yis da ƙwai. Bai yi maganar ciwon ba. Ya dai tsaya a bakin ƙofa ya dube ni, ya ce na rame, sai ya kawar da kai ya tambayi inda ɗan tanderuna na lantarki yake.

A kan teburina ya kwaɓa. Na zauna a bakin gado ina kallo. Da ya shafa mai a gwangwanin, sai na ga hannun dama ya tafi gefe da kansa, inda kwanon fulawa yake zama a gida. Babu komai a wurin sai bango. Yatsun suka dunƙule a kan iska, suka dawo suka barbaɗa iskar a cikin gwangwani. Sai a lokacin ya ga abin da ya yi. Ya tsaya yana kallon hannun, ya daɗe, sannan ya cusa shi a aljihu. Na ce ai ana iya barbaɗa garin shinkafa. Ya ce a'a, bai yarda da hannun ba tukuna, a bar shi ya saba da dawowa wayam.

Kafin ya zuba, ya lakato kwaɓin a cokali ya miƙo mini. Wannan karon na karɓa. Gishiri bai ji ba, na kuma faɗa masa gaskiya. Ya ce da ma ya sani, gwada ni yake yi. Ƙarya yake, amma ya ƙara.

Burodin ya manne, Yaya. Baba, wanda bai taɓa fitar da burodi da tabo ba, ya buga gwangwani, ya zagaya da wuƙa, ya yi ta ƙunƙuni, abu ya ce ba inda za shi. Ƙarshenta a cikin gwangwanin muka ci. Shi a kujera da cokalina, ni a bakin gado da cokalin shayi. Burodin nauyi gare shi, tsakiyarsa ma bai gama gasuwa ba. Wata biyar ke nan ban sa hannu a abinci ɗaya da wani ba, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

Ba zan koma ɗakin kwaɓi ba, shi ma ya daina tambaya. Gobe zan ci abincina a kan matakala kamar kullum, kwana shida kuma ɗakin nan shiru zai yi. Amma da zai tafi na miƙa masa gwangwanin, ya ce in jiƙa shi in ajiye, nan ne gidansa. Yau cikina lafiya lau. Da na tashi aiki na biya kasuwa na sayo kujera ta biyu, na hawo da ita bene uku a ka.

Ki gaida maigida da yara. Ki je a duba gwiwar nan, in ba haka ba ni ma na san lambar Baba.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Gishiri